Tagar saman motata da buhu bakwai na albasa

Kwana biyu an ji ni shiru, har wasu na kira suna tambaya ko lafiya. Lafiya lau, mota ce ta sa ni gaba.

Mutanen Andarai sun san farar Ford Transit ɗin nan da ke kwana ƙofar gidana. Hannun wani ɗan kasuwa na saye ta a Jega, shi kuma ta Kwatano ya shigo da ita, kafin a hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017. Can Turai motar yawon shaƙatawa ce, har da gado da wurin girki. An cire duk wannan aka mai da ita ta kaya, sai abu ɗaya aka bari: wata 'yar taga mai murfin roba a saman rufi, wadda ake ɗagawa iska ta shiga. Ba don irin ranarmu aka yi ta ba. Zafin Maris da Afrilu ya yi ta gasa gam ɗin da ke kewaye da ita har ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani.

Tun daminar bara direbana ya ce min, "Oga, tagar ga tana ɗiga." Na ce a sayo silikon a shafa. Aka shafa. Bayan wata guda ta dawo, aka manna filasban irin na rufin kwano. Da shi ma ya ɗago, wani ya kawo shawarar kwalta. Kullum lissafina ɗaya: tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, abin da motar ta samo rabinsa gidan mai yake komawa, albashi kuwa kun san inda yake tsayawa. To yaushe zan ajiye mota kwana biyu saboda ɗigo?

Makon jiya aka yi lodin albasa a Aliero, ta wani dattijo da ya daɗe yana hulɗa da mu, za a kai masa Yawuri. Albasar ajiya ce, wadda ya riƙe tun rani yana jiran kuɗinta na damina. Dare ya yi, motar ta kwana nan Andarai, aka kwana ana ruwa. Da safe muka buɗe, ƙarƙashin tagar a bushe. Ashe ruwan ya bi ta cikin silin ya gangara can baya, ya sauka kan buhunan. Bakwai sun jiƙe sharkaf. Wanda ya san albasa ya san sauran labarin.

Da na je wurin dattijon ko murya bai ɗaga ba. Cewa kawai ya yi, "Ɗana, ni amana na ba ka." Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Cikin fushi na kai motar wurin wani tsohon fanel bita a Jega na ce a yanke tagar a like da walda. Ya hau sama ya duba, ya sauko yana dariya. "Alhaji, wanga ba laifin taga ba na. Faci ukku kun ka ɗora bisa datti." Ya ce mai ɗaukar albasa ma iskar nan yake bukata, kuma walda a rufi tsatsa take jawowa.

Na tsaya kansa har ya gama, don ina son in gani. Ya kwance sukurori duka ya ɗaga tagar gaba ɗaya. Ya fi awa biyu yana kankare silikon da kwalta, domin sabon gam ba ya kama jikin tsohon silikon, komai tsadarsa. Ƙarƙashi kuwa ramukan sukurori biyu tsatsa ta cinye su; ta nan ruwan ke shiga, ba inda muke ta shafe-shafe ba. Ya goge da sanfefa har ƙarfe ya fito, ya sa fenti mai hana tsatsa, ya ce mu dawo gobe. Na yi ƙorafi, ya ce in ina sauri ga silikon can a shago.

Washegari ya kira mai sa gilashin mota ya zo da baƙin gam ɗin nan nasu. Aka zagaya shi ƙarƙashin bakin tagar ba tare da yankewa ba, aka zaunar da ita, aka ɗaure sababbin sukurori a hankali don kada robar ta fashe, aka rufe kawunansu. Sai da ya kwana kafin yaronsa ya hau da bokiti yana kwarara ruwa, ni ina ciki da tocila.

Ina tsugune cikin motar nan sai na tuna takardu nawa suka ratsa teburina a wurin aiki, na gyaran rufin aji ko ɗakin magani, da na rubuta a kai "a yi faci kafin kasafi mai zuwa". Ina yawan sukar gwamnati a shafin nan kan rashin kula da kaya, kun sani. Ga shi da tawa motar, da kuɗina, haka na yi.

Kuɗin gyaran duka bai kai na buhu ɗaya ba. Mun daidaita da dattijon zan biya shi kashi uku, na farko ƙarshen watan nan in albashi ya shigo. An yi ruwa sau biyu tun ranar, kuma duk biyun na tashi tsakar dare na fita da tocila, har uwargida ta fara tambaya ko motar ce amaryar.