Jan Layin Masta da Jan Layin Madam

Akwai wata addu'a da nake yawan ji a bakin 'yan uwana malaman makaranta in lokacin sauyin wurin aiki ya zo. Sai ka ji mutum ya ce, "Ko ina za su kai ni su kai ni, Allah dai ya raba ni da aiki a ƙarƙashin mace." Kuma ba maza kaɗai ke yin ta ba, har a bakin malamai mata na ji ta. To ni yau shekara da shekaru ke nan ina riƙe da alli tun fitowata daga kwalejin horon malamai, na zauna ƙarƙashin shugabanni biyar a makarantun Kumasi da kewaye, maza uku, mata biyu. Ina ganin na isa in tofa albarkacin bakina.

Na farkonsu wani dattijo ne da muke kira Soja a bayan idonsa. Littafin sa hannu yana kan teburinsa, ƙarfe bakwai da rabi na cika zai ɗauko rula da jan biro ya ja layi. Wanda sunansa ya faɗo ƙasan layin nan sau uku a wata, takardar tuhuma na jiransa. Ran Litinin kowa ya kawo littafin shirin darasinsa, ya bi shi shafi shafi. Ba mu son shi, amma in iyayen yara sun zo sai ka ji suna cewa, "Kai, Masta namijin duniya ne, ga kwarjini."

Na biyu kuwa ruwan sanyi ne. Duk abin da ka kai masa amsa ɗaya ce, "Za mu duba." A zamaninsa ne, cikin 2005, gwamnati ta fara ba makarantu kuɗi a kan kowane yaro. Kuɗin kan zo a makare, in sun zo kuma sai a yi wata biyu ba a san ko alli za a saya ko rufin aji za a gyara ba. Malamai biyu suka yi zango guda ba sa gaisawa, bai taɓa zaunar da su ba. Da aka ɗauke shi abin da aka ce shi ne, mutumin kirki ne, ba ya son hayaniya. Ban ji wanda ya ce maza ba su iya shugabanci ba.

Sai aka kawo mana Madam. Ranar da ta kama aiki na ga rula da jan biro a kan tebur, na ce a raina yau Soja ya dawo da ɗankwali. Lokacin jan layinta ɗaya da nasa, tuhumarta ɗaya da tasa. Har ta fi shi da abu guda, domin in kuɗin gwamnati sun shigo takan rubuta abin da ya shigo da abin da aka kashe ta manna a bangon ɗakin malamai. Kafin zango ya ƙare an laƙaba mata suna Masifa. Wani malami da ya girme ta ya ƙi karɓar takardar tuhuma daga hannunta, ya ce a ba yaro ya kawo masa. Wasu suka kai ƙara gun shugaban kwamitin makaranta wai ba ta ganin girman maza. Maganar da ta fi tsaya mini a rai ita ce wadda ake yi a ƙarƙashin bishiya lokacin hutun tara: "Allah sarki mijinta." Shekara huɗu na yi da Soja, ban taɓa jin an tausaya wa matarsa ba. Madam ta san duk abin da ake faɗa. Na lura kafin ta kawo wata sabuwar doka sai ta bi manyan malamai ɗaya ɗaya ta ji ta bakinsu, abin da Soja bai taɓa buƙata ba, shi kan faɗa ne a wajen taron safe, shi ke nan.

Mace ta biyu irin halin Masta "za mu duba" gare ta. Ita kuma hukuncinta bai ɗauki lokaci ba: "Ka gani ko? Dama mace ba ta iya riƙe maza." Na biyar shi ne shugabana na yanzu, saboda haka sai ku yi mini uzuri.

Wata shekara an tara mu wani kwas na shugabancin makarantu, aka raba mana takardun tambayoyi na auna hali. Awon nan da ake kira Myers-Briggs ne, wanda wata mata a Amurka, Katharine Briggs, da 'yarta Isabel Myers suka tsara bisa littafin da Carl Jung ya fitar a 1921. Yana kasa mutane gida 16, kowa a ba shi haruffa huɗu. Ni dai ban ba shi gaskiya sosai ba, don masana da yawa sun nuna mutum kan sake awon bayan 'yan makonni ya fito a wani gidan daban. Amma da aka ce kowa ya tsaya da 'yan gidansu, sai ga maza da mata a cakuɗe a kowane lungu na zauren.

Binciken da ya fi kama hankalina na wata malamar jami'a ce a Amurka, Alice Eagly. A 1990 ita da Blair Johnson sun tattara bincike 162 a kan salon shugabanci. Sun samu cewa a wuraren aiki na gaske maza da mata ba su bambanta ba wajen matsa wa aiki ko kula da mutane, sai dai mata sun ɗan fi karkata ga shawara. A 1992 kuma ita da abokan aikinta suka duba yadda ake auna shugabanni, suka ga mace ta fi shan suka in ta yi mulki irin na ba da umurni kai tsaye. Da na karanta wannan sai na tuna Madam tana bin malamai ɗaki ɗaki. Shawarar nan da ake cewa halin mata ce, ina zaton rabinta dole ce.

Abin dariya shi ne mu mutanen Kumasi ba baƙin mulkin mata ba ne. Ku shiga kasuwar Kejetia ku ga sarauniyoyin kasuwa da Asante ke kira ohemma, ta doya daban, ta tumatir daban, su ke raba rigima, su ke magana da hukuma a madadin 'yan kasuwa. A zango muna da magajiya. Ga Hajiya mai waakye da ke juya ma'aikata goma tun kafin asuba, direbobi da mahauta na bin umurninta, ba wanda ya ce Allah sarki mijinta. A sama kuma, Georgina Wood ta riƙe kujerar Babban Jojin ƙasa daga 2007 zuwa 2017. Farfesa Naana Jane Opoku-Agyemang ta shugabanci Jami'ar Cape Coast daga 2008, ta yi ministar ilimi, a Janairun 2025 aka rantsar da ita mataimakiyar shugaban ƙasa. Sai an zo ofishin hedimasta na makarantar unguwa ne ake tuna cewa kallabi ba ya shiga tsakanin rawuna.

Dalilin da ya sa na ɗauko maganar yanzu ga shi. Tun da aka kafa sashen ilimin Islamiyya a ƙarƙashin hukumar ilimi ta Ghana a 1987, makarantunmu na zango da yawa sun shiga tsarin gwamnati, ita ke turo malamai, ita ke biyan su. Ofishin ilimi ke naɗa shugaba, amma kowa ya san maganar mai makaranta da dattawan kwamiti tana da nauyi. Shugabanmu zai cika shekara 60 baɗi, zai ajiye aiki. Wadda ta fi kowa matsayi a cikinmu 'yar zangon nan ce, a gabanmu ta taso, yaran ajinta ne suka fi cin jarrabawar lissafi shekara da shekaru. Tun yanzu an fara aika mata manya su ba ta haƙuri, wai wa zai tsaya gaban limamai da iyaye ranar taro. 'Yan matan aji uku kuwa sun ji labari, suna ta tambaya ko da gaske Anti ce za ta zama hedimasta.

Takardar neman muƙamin tana cikin jakarta yau mako uku, ba ta cika ba. Na je na sami shugaban kwamiti na gaya masa in an naɗa ta zan yi aiki a ƙarƙashinta, na kuma faɗa mata haka. Na san halinta sarai, 'yar gidan su Soja ce, rularta ma tana nan a aljihun tebur.