Gyaran Da Ba A Buɗe Baki Ba

Wallahi ban taɓa ganin gyara irin wannan ba! Ba magana, ba harara, ba nuni da yatsa. A Buenos Aires na gan shi, babban birnin Ajantina, a dandalin Plaza Dorrego da ke unguwar San Telmo, inda ranar Lahadi da 'yan kasuwar tsofaffin kaya sun tashi sai masu rawar tango su mamaye fili. Milonga ake ce wa irin wannan taro.

Ina tsaye a gefe sai wani dattijo mai furfura ya haɗa ido da wata baƙuwa, ya ɗan gyaɗa kai, ita ma ta gyaɗa. Haka ake gayyata a can, da ido, don ko an ƙi mutum ba wanda zai sani. Da ganin takunta ka san sabuwar hannu ce: ido a kan ƙafa, kafaɗu a ɗage. Kiɗan Carlos Di Sarli ne ke tashi, mai natsuwa. Dattijo ya so ta gitta ƙafar hagu a gaban ta dama, ba ta gane ba, ta taka gefe. Sai me? Sai ya bi ta! Nan take ya mayar da nauyinsa kan ɗaya ƙafar, ya rage tsawon taku, kai ka ce dama abin da ya shirya ke nan. Daga nan ya ajiye duk wata gwaninta ya koma tafiya zalla, da ƙirjinsa yake nuna mata hanya, hannunsa bai ja ta ba ko sau ɗaya. Kafin waƙa ta uku ta daina kallon ƙasa. Tsigar jikina ta tashi.

Wata tsohuwa da ke zaune kusa da ni ta fayyace min: ba a koyarwa a milonga. Kowa na zagaya fili saɓanin tafiyar hannun agogo, wanda ya tsaya yana karantarwa ya tare wa jama'a hanya, ya kuma tozarta abokiyar rawarsa a idon kowa. Gyara yana da wurinsa daban, taron gwaji da suke kira piraktika. Can ne za a tsaya, a maimaita, a ce "a sake".

Ba a jima ba na ga mai karya dokar. Wani saurayi ya tsayar da abokiyarsa yana ƙirga mata taku. A al'ada ana rawa da mutum ɗaya har jerin waƙoƙi uku ko huɗu ya ƙare, amma ita da waƙar farko ta ƙare sai ta yi masa godiya ta koma kujerarta. Godiya a tsakiyar jeri sallama ce, kowa ya sani.

Wannan ladabi yana da tushe. A shekarun 1940, lokacin da tango ke tashe, samari maza da maza suke koyo, kuma sai yaro ya daɗe yana takun mace, ana jagorantarsa, kafin a bar shi ya jagoranci kowa. Wanda ya ɗanɗana yadda ake ji in an fizge shi ba zai fizgi wata ba.

Na ga masu juyi da wulla ƙafa birjik a daren nan, har ana yi musu tafi. A wurina dattijon nan ya fi su duka iya rawa.