Waya a Hannun Tsoho

Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Gaskiya ne, amma ƙafa tana tsufa. A unguwar Titiru ta birnin Paraku, cikin Jamhuriyar Benin, akwai tsofaffi da yawa waɗanda 'ya'yansu suka watsu neman abinci. Wani yana Jugu, tafiyar fiye da kilomita 130, wani kuwa yana Kwatano, fiye da kilomita 400. Mai ciwon gwiwa ba ya iya wannan kai da kawowa. A nan ne wayar hannu ta zamani ta zama masa sanda.

Ga misalin wata gwauruwa a unguwar. Ba ta yi makaranta ba, ba ta kuwa jin Faransanci. Dā can, in za ta aika wa ɗanta saƙo, sai ta nemi mai rubuta mata wasiƙa, ya ji asirin gidanta duka. Tun shekara ta 2013 WhatsApp ya kawo saƙon murya. Yanzu takan danna wuri ɗaya, ta faɗi abin da ke ranta da Hausa ko da Dandanci, ɗan ya ji muryar uwarsa, har ya gane ko tana da lafiya.

Haka kuma batun kuɗi. A shekara ta 2010 kamfanin MTN ya fara aika kuɗi ta waya a Benin. Kafin wannan, sai a damƙa wa direba, a yi ta zuba ido. Yau ɗan yakan aiko da safe, kafin rana ta take ta karɓa a rumfar bakin hanya, ta hau zemijan zuwa kasuwar Arzeke. Wayar takan yi ƙara ta tuna mata da maganin hawan jini. In an ɗauke wuta, ita ce fitilarta. Da idonta ya dushe, ita ce take karanta mata Littafi Mai Tsarki da Hausa.

Amma sanda ba ta da amfani in ba a gyara ta daidai hannun mai ita ba. Ran 30 ga Nuwamba 2024 aka ƙara 01 a gaban kowace lambar waya a ƙasar, lambobi suka koma 10 maimakon 8. Matasa suka gyara nasu nan da nan. Tsohon da ba shi da mai duba masa kuwa, ba a daɗe ba kiransa ya daina shiga, yana tsammani wayar ce ta lalace.

Akwai kuma 'yan damfara. Sukan kira da murya mai daɗi, su ce an turo kuɗi bisa kuskure, ko su nemi lambar sirri. Tsohon da ba a gargaɗe shi ba yana iya rasa kuɗin abincin wata guda cikin minti ɗaya.

Saboda haka sayen waya rabin kyauta ne kawai. Sauran rabin shi ne ɗa ko jika ya zauna kusa da tsohon, ya ƙara masa girman rubutu, ya sa hoto a kan kowace lamba, ya nuna masa sau biyar ba tare da tsaki ba, ya kuma koya masa kada ya faɗa wa kowa lambar sirrinsa. Gemu ba ya hana ilimi. Wanda ya yi haƙuri ya koya wa yaro tafiya, ya cancanci a yi haƙuri da shi.