Tukubar Gado: Tarihin da Muke Ci Amma Ba Mu Rubutawa

Jama'a, ku shiga Ikara, ko Makarfi, ko Hunkuyi, ko Kudan, ku nemi mai tsiren da ya fi suna a garin, ku tambaye shi wa ya koya masa gashi. Da wuya ya ambaci bare. Zai ce babansa ne, shi kuma baban a gindin nasa uban ya tashi ya gani. Akwai tukubar da ta girmi duk shagunan da ke kewaye da ita, amma ko allo ba ta da shi, sai dai a ce "je ka wajen mai naman bakin tasha." A wasu ƙasashe irin wannan gida alfahari ake yi da shi, a rubuta shekarar da aka fara a ƙofa. Mu kuwa mun ci nama, mun suɗe yatsu, mun bar tarihin a ƙasa.

Fawa dai gado ce a ƙasar Zazzau, kamar ƙira da jima da wanzanci. Kowane gari da Sarkin Fawansa, shi ke duba abin da za a yanka, shi ke sasanta rigimar rundawa. Makaɗan kalangu nasu ne, dambe da hawan ƙaho ma wasanninsu ne. Amma duk da haka, masanin nan M. G. Smith da ya yi bincike a ƙauyukan Zazzau a 1949 da 1950 ya tarar ana ajiye mahauta a sahun baya idan ana lissafin daraja. Kowa na son naman, ba kowa ke son haɗa zuri'a da mai yankan ba. Wannan rainin bai gama barinmu ba har yau.

Kakannin masu gashin nan kasuwa suke bi, wani a ƙafa, wani a keke. Talata a Anchau, Laraba a Makarfi, haka mako yake zagayowa. Babu firji a lokacin, saboda haka abin da bai ƙare ɗanye ba kafin la'asar dole ya hau wuta ko ya sha rana. Tsire da balangu da kilishi ba don marmari kawai ake yin su ba, dabara ce ta hana asara. Jarinsu kuwa ba kuɗi ba ne, amana ce. Dillali a kara zai ba mahauci sa bashi, ya yanka, ya sayar, ya kawo kuɗi kasuwa mai zuwa, ba takarda ba sa hannu. Ranar da ya saɓa, ranar kara ta rufe masa, shi da 'ya'yansa. Ranar da ya rasu da suna mai kyau, wannan sunan shi ne gadon da ya fi wuƙa da faranti tsada.

A zamanin iyaye ne tukuba ta bar yawon kasuwa ta zauna wuri ɗaya. Kwalta da motoci suka kawo haka. Inda duk direba zai tsaya a hanyar Zariya zuwa Kano, irin su Tashar Yari, mai gashi ya samu wurin kafa tebur. Ciniki kuma yana bin gona. Idan rake ya nuna a Makarfi da Kudan, manyan motoci suka yi layi suna lodi, ko kakar tumatir da attarugu ta kama a fadamun Ikara da Hunkuyi, manomi da ɗan dako da fatake duk aljihunsu da nauyi, to dare yakan raba wuta ba ta mutu ba. Da damina ta yi tsakiya, kuɗi suka shige taki, sai mai yanka sa ya koma yanka akuya. A zamanin iyayen ne kuma ƙanne da yawa suka ɗauki wuƙa suka nufi Kudu, Sabon Ibadan, Agege, Obalende, suna aiko da kuɗi gida.

Tsaya kusa da tukuba da magariba ka ga yadda gida guda yake aiki. Uba na zaune da wuƙa yana feɗe tsoka siri-siri, ba ya ko kallon hannunsa. Babban ɗa yana sokawa a tsinke, yanka uku na nama, ɗaya na kitse, ya birkiɗa a garin ƙuli, ya yayyafa man gyaɗa, ya kafa tsinkayen a kewayen wuta, a ɗan karkace, yadda zafi zai ratsa su ba tare da harshen wuta ya lashe su ba. Ƙarami kuwa aikinsa yankan albasa, fifita, da yayyaga takardar ƙunshi. Shekaru zai yi a nan kafin a yarda ya taɓa wuƙa.

Sai dai akwai waɗanda ba a gani a bakin titi, alhali ɗanɗanon daga hannunsu yake fitowa. Matan gidan ne ke soya gyaɗa, su matse mai, su toya ƙuli, su daka yaji. Citta nawa, masoro nawa, kanumfari da kimba da barkono nawa, wannan a kan uwargida yake, ita za ta koya wa sarakuwarta in ta yarda da hankalinta. Shi ya sa tsiren gida biyu a layi ɗaya ba ya zama ɗaya. Mai gida ake yi wa kirari, amma sirrin yana turmi.

Jikoki su ne suka sha wuyar da kakanni ba su sani ba. Satar shanu a dazukan Birnin Gwari da Zamfara ta tayar da farashin dabba. A 2023 kaɗai aka yi ƙarancin takardun naira har mai tsire ya koyi jiran alat, aka cire tallafin mai kuɗin mota ya ninka, cuta kuma ta cinye gonakin citta a kudancin Kaduna. Duk wannan tukuba ta jure. Abin da ya fi kashe ta daga cikin gida yake. Uba ya rasu, a raba gado, kowa ya ja nasa, jarin da ke sayen sa ya koma ba ya sayen tunkiya. Ko kuma ɗan da ya yi boko ya ji kunyar a gan shi da warin hayaƙi, ya tafi birni yana yawo da takardu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Alhali boko bai kamata ya raba shi da sana'ar ba. Ga Kwalejin Kimiyyar Lafiya a Makarfi, ga cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI a Shika, duk a ƙofar gida. Ɗan mahaucin da ya yi karatu shi ya fi cancanta ya kawo gilashin kare ƙuda da ƙura, ya daina ƙunshi a tsohuwar jarida, ya buɗe littafin shiga da fita, ya sa wa kilishin gidansu suna da leda mai kyau ya aika Abuja da Legas.

Roƙona ga 'ya'yan gidajen fawa: tun dattawanku na raye, ku zauna da su, ku kunna waya, ku tambaye su wa ya fara, a wace kasuwa, wa ya ba shi bashin farko. Ku tambayi iyayenku mata ma. Wanda kuma ya san wata tukuba da ta kai jikoki a garinsu, ya faɗa mana garin, mu san inda za mu tsaya. Allah ya ji ƙan magabata, ya sa wa sana'a albarka.