Kafanchan Da Damina: Idon Mai Fenti

A cikin watan Agusta, damina ta yi tsakiya, na taso daga Kaduna na bi ta Kachia da Zonkwa zuwa Kafanchan. Kafin in shiga gari wani mai babur ya goge mini ƙofar mota, fenti ya ɗaye har ƙarfe ya bayyana. Motar kuwa ta aro ce, kuma abin aro ba ya rufe katara. Tilas in mayar da ita kamar yadda na karɓo ta. Dalilin da ya sa ke nan na kwana uku a garin, mafi yawan wunina a garejin wani mai fenti.

Kafanchan dai garin masu ƙarfe ne tun wajen 1927, lokacin da ya zama mahaɗar layin dogo na Fatakwal da Kaduna da Jos. Da sufurin jirgin ƙasa ya ja baya, sai mota ta karɓi aikin, musamman Fijo 504 wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. A zamanin nan fenti ba shi da rikici: a dama shi da tina, a fesa, ya bushe, shi ke nan.

Yau kuwa al'amari ya sake. Motocin da ake shigo da su daga Turai, da yawansu an yi musu fenti mai ruwa tun daga masana'anta, watau wanda ruwa ne mafi yawan abin da ke ɗauke da launinsa. Tun 2007 dokar Tarayyar Turai ta taƙaita sinadaran da ke tashi daga fentin gyaran mota, saboda suna gurɓata iska, suna kuma cutar da huhun mai feshi. Amma mai fentina da na tina yake aiki, kuma da shi zai kamo launin da aka yi da na ruwa.

Da farko ya duba lambar launi a jikin dogaran ƙofa. Sai dai lambar ba ta san ranar da motar ta sha ba, ba ta kuma san ƙurar hunturu ba. Saboda haka ya dama kaɗan, ya fesa a kan guntun kwano, ya bari ya bushe, ya shafe shi da mai ƙyalli, sa'an nan ya kara shi jikin mota a hasken rana. Sau huɗu ya yi haka. Ya nuna mini yadda launin azurfa yake yin haske idan an fesa shi a bushe, ya yi duhu idan ya jiƙe, don ƙananan ɓarɓashin da ke cikinsa kwanciyarsu takan bambanta.

Na tambaye shi dalilin da bai koma wa fenti mai ruwa ba. Sai ya nuna mini hadarin da ya taso daga duwatsun Kagoro. Fenti mai ruwa ba ya bushewa sai iska tana kaɗawa a kansa cikin ɗaki mai tsabta, kuma launinsa a jiƙe daban yake da na bushe. A ƙasa mai yawan ruwan sama irin wannan, ga ƙarancin wutar lantarki, wanda ke aiki a ƙarƙashin rumfar kwano ba zai iya ba. Shi kansa na tina, in laima ta yi yawa yakan yi fari-fari, dole a jira rana.

Ran na uku ya fesa ƙofar, ya zarce da launin kaɗan-kaɗan zuwa sassan da ke maƙwabtaka da ita don ido ya kasa gane iyaka. Na zaga motar ban ga tabo ba. Amma da zan tafi na lura yaransa biyu, da tsumma kawai suke rufe hanci, ɗayansu yana tari. Launi ya dace sarai. Kuɗinsa dai ba duka ni na biya ba.