Giyar da Ban Sha Ba: Riesling da Kalmomin Ɗanɗano a Hausa

Akwai wata fariya da na daɗe ina yi wa ɗalibaina, cewa babu abin da ɗan Adam zai ji a bakinsa wanda Hausa ba ta tanadar masa suna ba. Na yi shekaru ina faɗar haka ba wanda ya ƙure ni, sai a wata kaka da aikin bincike ya kai ni Frankfurt ta ƙasar Jamus. Wanda ya ƙure ni kuwa manomi ne da bai san ko "sannu" ba, kuma da kalma guda ya yi.

Abokin aikina a can wani dattijo ne Bajamushe da ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen nazarin Hausa. Wansa yana da gonar inabi kusa da garin Rüdesheim, a yankin Rheingau. Da watan Oktoba ya kama, sai ya ce mini, "Malam, na san ba ka sha, ba kuma wurin sha zan kai ka ba. Tsinkar inabi ake yi, hannuwa ake nema." Na amsa bisa sharaɗin cewa iyakata gona da wurin matsa. Ni Musulmi ne, giya haramun ce a gare ni, kuma har na bar ƙasar ɗigonta bai taɓa harshena ba. Na faɗi wannan tun da wuri domin mai karatu ya san matsayin shaidar da zai ji: rabinta gani ne, rabinta ji.

A wannan yanki kogin Rhine yakan bar hanyarsa ta arewa ya miƙe yamma na ɗan lokaci, saboda haka gangaren da ke gaɓarsa ta dama yana fuskantar kudu, duwatsun Taunus kuma suna tare masa iskar arewa. Wurin yana kan layi na 50 arewa da tsakiyar duniya, alhali Kano tana kan na 12. Ke nan inabi a nan yana bakin iyakar inda zai iya nuna, kuma kowace ranar da aka samu hasken rana riba ce. Gonar da muka hau tana da tsananin gangare, har sai mutum ya dafa ƙasa. Ƙasar kuma ba irin jigawarmu ba ce, tsakuwa ce ta wani dutse mai ɓarewa falle-falle, wanda yake shan zafin rana da yini ya riƙa sakinsa da dare.

Irin inabin da suka fi shukawa shi ne Riesling. An sami sunansa a rubuce tun ranar 13 ga Maris, 1435, cikin lissafin kuɗin wani basarake na gidan Katzenelnbogen a Rüsselsheim, inda aka nuna an sayi dashensa. A yau Jamus tana da kimanin hekta 24,000 nasa, fiye da kowace ƙasa a duniya. 'Ya'yansa ƙanana ne, kore mai ratsin rawaya, da ɗigo-ɗigo a fatarsu. Ba ya gaggawar nuna, shi ya sa ake kai wa Oktoba, wani lokaci har Nuwamba, kafin a tsinke shi. Da na jefa ƙwaya ɗaya a baki sai zaƙi ya fara zuwa, kafin in haɗiye tsami ya biyo shi a guje, har yawu ya cika mini baki. Da yamma aka ba ni ruwan da aka matse a ranar, wanda bai kwana ba balle ya juya. Shi ma haka: zaƙi kamar na rake, amma da wani kaifi a ƙarƙashinsa da ya hana shi gundurar mutum.

A nan ne manomin, ta bakin ƙanensa, ya yi mini tambayar. Ya ce wannan ruwa da na sha yana ɗauke da sukari kusan giram 200 a kowace lita. Idan aka bar shi a ganga, ƙwayoyin yis za su yi ta cin sukarin suna mai da shi barasa. In aka tsayar da su a tsakiya, giya ta fito da zaƙi. In aka ƙyale su suka cinye kusan duka, ta zama abin da Jamusawa ke kira trocken. Dokarsu ma ta yanka iyaka: kada sukarin da ya rage ya wuce giram 4 a lita, ko kuma giram 9 in tsamin bai gaza sukarin da fiye da giram 2 ba. Sai ya ce, "To, ku a harshenku yaya za ku ce trocken?"

Ma'anar kalmar ta asali ita ce busasshe. Na buɗe baki zan ce "busasshiyar giya" sai na ji abin ya zama wasa, domin Bahaushe zai ɗauka gari ce ko ƙanzo. Na ce zan yi tunani. A jirgin ƙasa, kan hanyar komawa Frankfurt, ni da abokina muka yi ta jera kalmomi muna zubarwa. "Salam" da "lami" ba su yi ba, domin suna nufin abin da ba shi da ɗanɗano sam, wannan kuwa an ce ɗanɗanonsa ya fi na mai zaƙin fitowa fili. "Mai tsami" ta kama gefe guda, amma a Hausa abin sha in ya yi tsami sau da yawa lalacewa ake nufi. "Marar zaƙi" daidai ce, kuma ita ce za ta shiga ƙamus ba gardama, sai dai ta faɗi abin da babu ne kawai, ta yi shiru a kan abin da ya saura. Hatta sunan abin shan kansa da rikici: masu fassarar Littafi Mai Tsarki sun zaɓi "ruwan inabi", wanda a kunnen mai sayen kayan sanyi a kanti yana iya zama abin da na sha a wurin matsa. Don haka na tsaya a kan "giyar inabi".

Mako na gaba na koma gonar da niyyar in ji abin da ya saura ɗin. Manomin ya ce zaƙi mayafi ne. Inabin da bai nuna sosai ba, ko wanda aka bar wa itacensa 'ya'ya fiye da ƙima, in an bar masa sukari sai aibinsa ya ɓuya. Ya tuna mini abin kunyar 1985, lokacin da aka gano wasu masu giya a Ostiriya suna zuba wani sinadari mai guba domin giyarsu ta yi zaƙi da kauri, har ta shiga cikin wadda ake ɗurawa a kwalba a Jamus. Daga shekarun nan ne masu saye da yawa suka juya wa giya mai zaƙi mai araha baya. Ya ƙara da cewa galibi ba a zuba Riesling a sabuwar gangar katako wadda za ta ara masa ƙanshinta. To, in babu sukari, babu ƙanshin katako, me zai rufa wa manomi asiri? Sai aikinsa da ƙasarsa da irin daminar da ya samu.

Ya lissafa mini abin da masana ke nema a cikin mai kyau. Na farko tsami mai tsabta, wanda yakan kai giram 7 zuwa 9 a lita, amma na inabin da ya nuna, ba mai dasashe haƙori ba. Na biyu ƙanshin 'ya'yan itace, kamar lemun tsami da tuffa. Na uku wani ɗanɗano da suke dangantawa da dutse, mai ɗan kama da gishiri-gishiri, wanda suka ce yana bambanta daga gona zuwa gona. Na huɗu daɗewar ɗanɗanon a baki bayan an haɗiye. Na biyar jure ajiya, domin tsamin nan yana riƙe ta shekara goma, ashirin, ko fiye. Ya ce in ta tsufa takan yi wani ƙanshi kamar na kananzir, kuma masu sonta suna murna da shi. Na yi dariya, sai na tuna daddawa: baƙo ya ce wari, mai gida ya ce miya ta yi.

Yana magana ina jin kalmominmu suna tasowa ɗaya bayan ɗaya. Ɗanɗanon dutsen nan ai maƙwabcin zartsi ne, irin na ruwan wasu rijiyoyi, kuma duk wanda ya sha ruwan sabuwar randa ya san ƙasa tana da ɗanɗano. Abin da fatar inabi ke bari a harshe bauri ne. Giyar da suka ce ta cika baki, kauri gare ta. Wadda suka ce tana yanka, kaifi. Da na bincika kuma sai na tarar babban sinadarin da ke ba inabi tsaminsa shi ne wanda ya fi yawa a cikin tsamiya. Ashe tsamin da manomin Rheingau yake tinƙaho da shi, tun ina yaro nake shan ɗan'uwansa a kunun tsamiya lokacin azumi.

Masu nazarin nahawu sun san waɗannan kalmomi dangi ne. F. W. Parsons ya ware su tun 1955 a matsayin sunaye na abin da gaɓoɓin ji ke riska: zaƙi, tsami, ɗaci, bauri, garɗi, zartsi, kaifi, kauri. Duka gaɓa biyu ne, ta farko mai nauyi, da karin sauti sama-sama, suna ƙarewa da dogon wasalin i, kuma daga cikinsu ake samun zazzaƙa da kakkaifa da kaifafa. Na koyar da wannan babi sau da yawa a matsayin darasin ƙirar kalma. Sai a gonar inabi na gane cewa ma'auni ne cikakke, wanda kakanninmu suka auna goro da zuma da nono da ruwan rijiya da shi.

Game da trocken kuwa, kalmar da ta fi kwanta mini ita ce "gaya", kamar yadda muke cewa gayan tuwo, wato tuwo ba miya. Abokina ya ce ai gaya alamar rashi ce. Na ce haka ne, amma Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma a gaya ake gane dawar kirki da hannun mai tuƙi. Da ya fassara wa wansa, sai tsohon ya yi shiru, can ya ce abin da yake nufi ke nan. Duk da haka ba zan sa ta a ƙamus ba. Ban ɗanɗana abin ba, kuma ba daidai ba ne mai ƙamus ya yanke hukunci a kan ɗanɗanon da ya ji a bakin wani. "Marar zaƙi" na rubuta, na ajiye "gaya" a gefen takarda.

Da na dawo gida na shiga aji, na ce kowa ya rubuta kalmomin ɗanɗano da ya sani. Yawancinsu ba su wuce zaƙi da ɗaci da tsami da yaji ba, sauran duka "daɗi" ne ko "ba daɗi". Kaɗan ne suka kawo garɗi, ba wanda ya kawo zartsi. Manomin can yana da kalma ga kowane ɓangare na abin da yake nomawa domin kullum yana amfani da su, a gona da kasuwa. Namu suna nan a Bargery tun 1934, amma bakin da zai faɗe su yana raguwa. Tun daga ranar na daina waccan fariya. A maimakonta nakan shiga aji da goro da tsamiya da soyayyar gyaɗa da ɗan ƙullin kanwa, in ce kowa ya taɓa a harshe, sa'an nan ya gaya mini sunan abin da ya ji.