Daren da na juya wa dandamali baya

 Wannan rubutun zai yi tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai ya samu natsuwa.

Daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba ban yi barcin kirki a Legas ba. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san wannan lokacin, biki kan biki, wani bai ƙare ba wani ya kunno kai. Ni kuwa shekarata ta biyu ke nan a Agege wajen kawuna, ina taya shi tsaron shago da rana, da yamma in rataya kyamarata in shiga danfo. Kyamarar ta hannu ce, na saye ta a Ikeja da kuɗin da na tara na wata takwas, gilashinta ɗaya tak, mai milimita 50. Kawu kan dube ni idan ina ɗaura takalmi ya ce, "Yau kuma ina aka nufa, ɗana?" In gaya masa, ya ce, "To, ka kula da aljihunka, kuma kada ka bar sallah ta wuce ka." Ban taɓa fita bai faɗi wannan ba.

Na fara da Felabration, makon da ake yi duk shekara don tunawa da Fela Kuti, wanda ake haɗa shi da ranar haihuwarsa, 15 ga Oktoba. 'Yarsa Yeni ce ta ƙirƙiro bikin a 1998, shekara guda bayan rasuwarsa, kuma cibiyarsa ita ce New Afrika Shrine da ke Agidingbi a Ikeja. Wuri ne kamar katafariyar rumfa, rufin kwano, zafi, hayaƙi, ga mutane maƙil ba masaka tsinke. Ba irin wurin da na taso ina shiga ba ne, kuma ba zan ɓoye ba, na ɗan jima a bakin ƙofa kafin in sa ƙafa. Amma da masu busa suka ɗaga ƙahoninsu gaba ɗaya sai na ji sautin a ƙashin ƙirjina. Na kutsa har gaba, na ɗauki hoto wajen ɗari tara a dare biyu. Da na zauna dubawa a kwamfuta sai na ga duk abu ɗaya ne: mawaƙi riƙe da makirufo, jan haske, shuɗin haske, gumi. Sun yi kyau. Amma masu hoto fiye da ashirin ne muka jeru a gaban dandamalin nan, kowa ya tafi gida da irin abin da na tafi da shi, waɗansu ma da kayan aikin da suka ninka nawa sau goma.

Makonni biyu bayan haka wani abokina ya ja ni wani wurin wasanni a Lekki, inda suka shirya gidan tsoro saboda ƙarshen Oktoba. Al'adar Halowin ce ta Amurka ta biyo finafinai ta iso mu. Ɗakuna ne aka yanka da katako da baƙin yadi, lungu-lungu, duhu ƙirin, an ɗauki samari an shafa musu fenti da jan ruwa kamar jini, suna laɓe suna jiran ka zo wucewa. A ƙofa aka ce mini ba a ɗaukar hoto a ciki, kuma gaskiyarsu ne, domin filasha ɗaya ta isa ta tona asirin komai, ka ga dodon nan ashe yaro ne ɗan shekara ashirin sanye da silifas. Ko da ma sun bar ni, ba abin da zan samu. Kyamara haske take ci. Idan babu shi, ko ka buɗe idon gilashin har ƙarshe, ko ka bar shi a buɗe ya daɗe hoton ya yi rawa, ko ka ɗaga ISO zuwa 6400 hoton ya fito kamar an watsa masa yashi.

Na shiga na fito, zuciyata na dukan uku-uku, sai na samu wani benci daura da ƙofar fita na zauna ina maida numfashi. Akwai farin ƙwai guda ɗaya a saman ƙofar. A nan na ga abin da na zo nema ban sani ba.

Mutane suna faɗowa daga cikin duhu zuwa ƙarƙashin wannan ƙwan, kuma na ɗan lokaci, bai fi ƙiftawar ido biyu ba, fuskar kowa tsirara take. Wani ƙato mai faɗin ƙirji ya fito riƙe da gefen rigar budurwarsa, yana ganin haske ya saki ya gyara tafiya. 'Yan mata uku suka fito a dunƙule kamar an ɗaure su da igiya ɗaya, ɗayarsu takalmi a hannu, suna kuka suna dariya lokaci guda. Wani dattijo ya fito da jikansa a kafaɗa, yaron ya tusa yatsunsa biyu cikin kunnuwan kakan, wai shi yake kare shi. A Legas kowa da fuskar da yake fita da ita, ta kada a raina shi, ta kada a cuce shi. A bakin ƙofar nan ne kawai na ga an manta an sa ta.

Na ɗauki kusan arba'in. A cikinsu akwai wadda ta fi duka: yarinya 'yar shekara kamar tara, da ɗan hijabinta ruwan hoda, ta fito da gudu ta faɗa jikin mahaifiyarta, hawaye yana ƙyalli a kumatunta. Ina duba bayan kyamarar sai na ji an ce da Hausa, "Kai yaro, hoton wa ka ɗauka?" Na miƙe na gaishe ta, na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, na 'yarki ne, ga shi ki gani." Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ya yi kyau, ɗana. Amma ka ga kuka take yi. Idan ta girma ta gan shi yana yawo a waya, me za ka ce mata?" Ban da amsa. Na goge shi a gabanta, ta sa mini albarka, suka wuce. Har yau ina ganin hoton nan idan na rufe ido, kuma har yau ina ganin ita ce mai gaskiya. Daga wannan lokacin duk wanda na ɗauka sai na bi shi na nuna masa. Mafi yawansu dariya suka yi suka ba ni lambar waya in tura musu.

A hanyar komawa, muna kan gadar Third Mainland, ruwa baƙi ƙirin hagu da dama, sai na tuna ai mu ma muna da namu gidan tsoron, sai dai namu shi yake biyo ka har ƙofar gida. Masu wasa da kura. Ina yaro a Fagge, da an ji ganga da ƙarar sarƙa sai unguwa ta watse ta sake haɗuwa. Gardi da warkinsa da layu, kura da takunkumi tana jan sa yana jan ta, mu kuma muna bayan zanin iyayenmu muna leƙe. Wani mai hoto ɗan Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, ya bi waɗannan mutanen a 2005 da 2007, hotunansa suka zaga duniya. Na yaba masa abu ɗaya, ya rubuta sunayen mutanen a ƙarƙashin hotunan, har da sunan kurar, Mainasara. Amma ya tsayar da su ne a fili fetal, gefen titi, ƙarƙashin gada, su da dabbarsu kawai. Wanda ya ga hotunan nan a Landan zai ga ƙarfi da kwarjini, ba zai ga wasa ba. Wasan yana wajen yaran da suka gudu suka bar takalmansu, da tsohuwar da ke jefa kuɗi daga nesa tana salati. Wannan rabin shi ne namu, kuma shi ne ba a ɗauka ba.

Saboda haka da na je wani wasan kiɗa a Freedom Park, sai na yi abin da ban taɓa yi ba. Wurin nan da ke titin Broad tsohon kurkuku ne na zamanin Turawa, inda aka taɓa tsare irin su Herbert Macaulay da Obafemi Awolowo, aka mayar da shi wurin shaƙatawa a 2010, har yanzu tsohuwar katangar tana nan. Na je gaban dandamali, na juya masa baya. Hasken da aka haska wa makaɗa yana dawowa kan sahun gaba, ya ishe ni. Na sa saurin kyamara a 1/250 don kada motsi ya ɓata fuska. Na samu wata mata mai sayar da gyaɗa ta ajiye farantinta a ƙasa, ido rufe, tana bin waƙar da baki. Na samu mai gadi da kakinsa yana kaɗa ƙafa ɗaya kawai, sauran jikinsa yana bakin aiki. Hoto sittin na ɗauka a daren, na ajiye goma sha ɗaya, kuma na san sunan kowa a cikinsu.

Sai nune-nunen hotuna da zane. LagosPhoto, wanda Azu Nwagbogu ya kafa a 2010, da Art X Lagos da Tokini Peterside ta fara a 2016. Ba zan daɗe a kansu ba. Sanyin na'ura, farin bango, mutane suna magana ƙasa-ƙasa, kuɗin wani zanen ya isa ya sayi fili a garinmu. Na ga ayyukan da suka tsayar da ni cak, na ga waɗanda na wuce ban waiwaya ba. Abin da ya riƙe ni shi ne wani teburin littattafai, inda na tsaya har ƙafata ta yi sanyi ina buɗa littafin hotunan Malick Sidibé.

Mai hoto ne a Bamako. A shekarun 1960, bayan Mali ta samu 'yanci, ya riƙa bin samari da 'yan mata gidajen rawa, dare ɗaya ya zaga wuri uku ko huɗu, ya koma shagonsa ya wanke fim, ya liƙa ƙananan hotunan a kwali, washegari masu rawar su zo su zaɓi wanda suke so. Akwai hotonsa na 1963 da ake kira Daren Kirsimeti, saurayi da ƙanwarsa suna rawa, goshinsu ya kusa haɗuwa, ita ƙafarta ba takalmi. Babu shahararre ko ɗaya a ciki. A 2007 aka ba shi babbar kyautar girmamawa ta bikin zane na Banis a Italiya, shi ne mai hoto na farko da ya samu. Ya rasu a 2016. Abin da ya sa duniya ta san yadda matasan Bamako suka yi ado suka yi dariya a wancan zamanin shi ne bai zubar da nagatif ɗinsa ba, ya jera su a akwatuna ya rubuta kwanan wata. Haka Philippe Koudjina ya yi wa daren Yamai. Haka J.D. 'Okhai Ojeikere ya yi a nan Najeriya, tun daga 1968 yana ɗaukar kitson mata, kusan hoto dubu, mafi yawa daga ƙeya, yana rubuta sunan kowane kitso.

A nan zuciyata ta karye. Babana ya sha ba ni labarin daren da ya ga Shata da idonsa, da layin shiga silimar Plaza da Orion da Eldorado idan an kawo sabon fim ɗin Indiya. Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015. Hotunansu muna da su, muryoyinsu muna da su. Amma fuskar babana yana saurayi cikin taron, da hularsa a karkace, babu. Mai hoton unguwarmu da ya ɗauki bikin iyayena, da ya rasu aka mayar da shagon wurin cajin waya, buhunan nagatif ɗinsa ruwan sama ya cinye su a bayan gida. Rayuwar unguwa guda ta shekara talatin ke nan.

Mu kuma yanzu mun fi kowane zamani ɗaukar hoto, amma ina jin tsoron mu ne za mu fi barin kaɗan. Waya ta faɗa ruwa, an sace ta a kasuwa, memori ya ƙi buɗewa, shi ke nan. Na dawo daga nunin nan na sayi faifan ajiya guda biyu, ɗaya yana wajena, ɗaya na aika Kano wajen yayata. Na kai hotuna goma sha ɗayan nan aka wanke mini a takarda, na rubuta suna da wuri da rana a bayan kowanne. Na koma titin Broad na nemo mai gyaɗar na ba ta nata. Ta goge hannunta da zani sau biyu kafin ta karɓa.

'Yan'uwana masu kyamara da masu waya, a Kano da Zariya da Katsina da Damagaram da Maraɗi, Sallah tana zuwa, za a yi Hawan Daushe, za a yi dambe, yara za su fito tashe da azumi, za a yi kamu da dina. Sarki da dokinsa ba za su rasa mai ɗaukar su ba, mawaƙi ma haka. Ku ɗan juyo ku dubi waɗanda suka zo kallo. Ku nemi izini kafin ko bayan kun ɗauka, wanda ya ce a goge ku goge, musamman mata da yara. Ku wanke ko da guda biyar ne a shekara, ku rubuta rana a baya.

Kuma duk wanda yake da tsofaffin hotunan taro a gidansu, na silima ko na wasan makaɗa ko na kallon kura, don Allah kada a bar su a ƙasan akwati gara ta ci. Ku yi mini magana ta akwatin saƙo, idan na zo gida hutun ƙarshen shekara zan zo har inda kuke in kwafe muku su kyauta, in bar muku abinku a hannunku.